Ciwon da Na Kasa Faɗa a Gaban Surukata

Salamu alaikum, 'yan uwa. Masu tambaya ko na daina sayar da turaren wuta, da masu tsokanar wai aure ya ɓoye ni a Tafoki, to ga ni. Tun damina ban leƙo nan ba. Jinya na yi, kuma da ƙyar na sha.

Ciki ne da ni, na fari. Kun san mu da cikin fari: ba a faɗa, ba a nunawa, ko a tsakar gida hijabi har ƙasa. Ni da kuka sani da surutu, a gidan miji sai ka rantse ba ni da baki.

Da cikin ya tsufa, ƙafafuna suka kumbura har silifas ya daina shiga. Zobe ya matse yatsa. Sai ciwon kai mai sara ta goshi, in na duƙa wanke-wanke kuma wasu 'yan taurari su riƙa gilma mini a ido. Na sha farasitamol, na ɗaure kai tamau, na yi gum.

Innata tana Ƙanƙara, hanya kuma kun san yadda take. Surukata Hajiya mutuniyar kirki ce, wallahi ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ta ina zan fara yi mata zancen ciki? Cikin ɗanta fa!

Wata rana da hantsi Malama Rabi ta shigo, ma'aikaciyar lafiyar da ke bin masu ciki gida-gida da kwamfutar hannu. Hajiya ta shimfiɗa tabarma ta zauna tare da mu. Duk abin da Malama ta tambaye ni, ina sunkuye, Hajiya ke amsawa: lafiyarta lau, tana cin abinci, kumburin ƙafa ai kowace mai ciki na yi.

Malama ta dube ni. Sai ta ɗora mini kwamfutar a cinya, ta ce, "Amarya, ba sai kin yi magana ba. Wanda ya yi kama da ke, taɓa shi."

Hotuna ne na mata masu ciki. Wata ta dafe kai. Wata tana murza ido. Wata fuskarta ta kumbura suntum. Na taɓa su duka ukun, ina ɓoye yatsa cikin hijabi. Fuskar kwamfutar ta koma ja.

Malama ta auna jinina a wannan hannu, ta sake a wancan, ta sa na kawo fitsari ta gwada. Ta ce jinina ya hau sosai, a nemo maigida daga gona, yau za a tafi babban asibiti. Ta fita ta hau tudun bakin rijiya, inda sabis ke kamawa, ta tura wa asibitin bayanina.

A mota tsoro ya kama ni sosai. Ba na jin motsin abin da ke cikina, kuma ko a lokacin na kasa faɗa.

Muna isa muka tarar sun san da zuwana, ba a tsaya tambayar wace ce ba. Ana kwantar da ni jijjiga ta kama ni. Daga nan ban san komai ba, sai labari. Allurar tsayar da jijjiga tana kusa, aka yi mini, aka shiga da ni ɗakin aiki. Likita ya ce wa maigida, "Da a hanya ta same ta, da wani zancen muke yi."

Na farka da robar ƙarin ruwa a hannu, da robar fitsari, ciki a ɗinke. Aka ce mace ce, 'yar mitsitsiya, tana cikin kwalba. Awon jini safe da yamma, magani, tatsar nono a kai mata a kofi. Ragon da maigida ke kiwo da masarar da muka ajiye duk suka tafi, bai ko nuna mini a fuska ba.

Hajiya ce ta yi jinyata. Wata safiya tana ba ni kunu a baki sai na ga hawaye. Ta ce, "Ni ma haka na yi da na farina. Na yi shiru, ya tafi. Ɗiyata, kada ki ƙara jin kunyata kan ciwo." Muka yi ta kuka, har ta gadon kusa ta ce za mu tayar mata da jariri.

Da muka dawo gida na tambayi Malama Rabi ko wa ke da manhajar nan mai hotuna, in aika masa ko da turare ne. Ta yi dariya, ta ce ba ta da mai ita. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗa ta, suka bar ta a buɗe kamar rijiyar unguwa, kowace ƙasa ta ɗauka kyauta ta gyara daidai da mutanenta. Hotunan ma a wani wuri mai nisa aka fara sa su, namu suka ɗauko suka ƙara Hausa. Ashe akwai masu irin kunyarmu a can ma.

Ban san sunayensu ba, amma ina sa su a addu'a. Allah Ya saka wa Malama, da likitoci, da maigida, da Hajiyata.

Mata, ciwon kai mai tsanani da ciki, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, a je a auna jini a ranar. Iyaye kuma, in mai duba ciki ta zo, ku ɗan tashi ku ba su wuri.

Yarinya ta fito daga kwalba, tana shan nono kamar da gayya. An ce uwa ba ta kama sunan 'yar fari, sai dai "yarinyar nan". Na gwada, na kasa. Jiya ta yi kuka Hajiya na zaune, na ɗauke ta na ce, "Amina, yi shiru, ga ni." Hajiya ta ji sarai. Ta ce in ƙara kira, yarinyar ba ta ji ba.