Ranar da Aka Goge Gilashin Kyamara da Toka

Akwai ranar da har na yi ritaya haushinta bai sake ni ba. Zamanin da kuɗin fetur ya shigo ne, ina ma'aikacin jinya a sashen ido na wani ƙaramin asibiti a ƙasar Wudil. Aka aiko mana da kyamarar ɗaukar hoton can cikin ido, har aka tura ni kwas a kanta. Sirrinta yana jikin gilashin gaba: an yi masa wani siririn shafi mai sheƙin shuɗi, shi ke hana hasken fitila dawowa ya dusashe hoton.

A lokacin ina da Malam Hudu, wani tela daga Darki mai ciwon sukari, ganinsa yana raguwa. Layin likitan ido a Kano dogo ne, sai wanda hotonsa ya nuna jini na zuba ake sawa gaba. Na shirya ɗauka, sakataren asibiti ya hana.

"Ba mai taɓa ta sai kwamishina ya zo ya buɗe."

"Ranka ya daɗe, idon mutum ne fa."

"Sati biyu kacal, Sani. Ya yi haƙuri."

Ana gobe bikin buɗewa aka shafe duwatsu da gindin bishiyoyi da farar ƙasa, sakatare ya ce komai ya yi ƙyalli. Ya ba Iya Tabawa mai shara mabuɗin ɗakina, ni kuwa ya tura ni ɗauko kujeru. Na dawo na tarar da ita da toka da tsumma a hannu, tana fara'a.

"Ɗan nan, madubin nan ya ba ni wuya! Wani shuɗi-shuɗi ya kama shi, amma na fitar da shi tas."

Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Me zan ce wa tsohuwar da ta yi masa gatan da take yi wa kwanukanta?

Kwamishina ya leƙa, ya ce madalla, aka tafa. Washegari na ɗauki idon Malam Hudu hoto. Da aka wanke fim, fari fat, ko jijiya ɗaya babu, sabon gilashi kuma sai daga Turai. Haka ya bi layi a Kano. Kafin a zo kansa, idon dama ya tafi, ya sayar da keken ɗinkinsa.

Na daɗe ina tsine wa sakatare a zuci, kuma ya cancanta. Amma ku da ke aiki yanzu, ku ji: duk mai shiga ɗakin na'ura abokin aikinku ne, har mai shara. Kullum sai na gaisa da Iya, har in tambayi jikokinta, amma ban taɓa ce mata zo ki ga abin da ba a taɓawa ba.