Taɓaryar Kaka a Cikin Waƙa

Lokacin ɗari, in an idar da sallar isha'i, mukan kewaye murhun Kaka a gidanmu na Tawa, ƙafafu suna gasuwa, baya yana shan sanyi. Tatsuniya ta saba yi mana. Amma ranar da rediyon Baba ya sako wata tsohuwar waƙar gurmi, wadda ba a biki sai da ita, sai ta ɗaga hannu a yi shiru.

"Kun ji wanga dukan da ke ƙarƙashin gurmin? Ba ganga ba ce. Ni ce."

Muka kwashe da dariya. Ta harare ni. "Kai mijina, sarkin tambaya, zamna ka ji."

Wai tana budurwa a Bambeye, mutanen rediyo suka zo ɗaukar murya, suka zaunar da mai gurmin garin a inuwar da ke bayan dangar gidan su Kaka. Makaɗinsa ya tafi kasuwa bai dawo ba, pil ɗin na'urar kuma, wato batirinta, yana ƙarewa. Ita tana cikin gida tana dakan hura, ƙarar tana shiga na'urar. Aka aiko ta dakata.

"Na ce, waƙa za su sha a gona? In hura ta yi latti, ni Inna za ta kaɗa."

Mai gurmin ya kasa kunne, ya ce a ƙyale ta. Ya ɗora waƙarsa bisa taɓaryarta, tun daga farko har ƙarshe.

"Sai wuri guda, da akuya ta sa baki cikin ƙwarya. Na tsaya na kore ta, shi ma ya tsaya ya jira ni."

Rediyon Baba ya cika shuu, ba mu ji komai ba. Na ce, "Kaka, wa ya shaida?"

"Akuyar."

Shekaru sun wuce, Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Na gama jami'a, inda aka ƙara koya mini tsoron magana ba hujja. Bara wani aboki ya turo mini waƙar a waya, na daɗe ban buɗe ba. In na ji ganga fa? Da wane labari zan tuna da ita?

Daga baya na daure na sa a kunne. Ni ba masanin kiɗa ba ne, kuma mai yiwuwa kunne yana jin abin da zuciya ke so. Amma a tsakiyar waƙar dukan ya yanke, gurmin ya yi shiru, can nesa wata yarinya tana yi wa wani abu faɗa. Sannan suka ci gaba tare.

Da ina tsammanin labarin na taurin kan Kaka ne. Yanzu na fi ganin mai gurmin, da ya san ya jira mai daka.

Na ba ɗiyata labarin. Ta ce, "Baba, wa ya shaida?"

Na miƙa mata wayar. Na ce ta jira akuyar.