Babban Yatsan Toza

Toza Ilkić yakan dafa tsirkiyoyin jitarsa. Idan muryarsu ta dushe sai ya kwance su, ya zuba a tukunyar da matarsa Lubinka take dafa wake, ya tafasa, ya shanya a igiyar wanki. Lubinka takan ce duk garin Kragujevac ita kaɗai ce mai miyar ƙarfe. Bango ɗaya ne ya raba gidana da nasu, don haka na san muryar jitar tun kafin in san ta mai ita.

Da rana gyaran wutar lantarki yake yi. Ranakun wasa kuma shi ne mai jitar bas, wato jita mai kaurin murya, a bayan Gvozden Maksić, mawaƙin rok ɗin da samarin zamaninmu suka tara gashi saboda shi. Gvozden ne ya tsaya wa Toza a coci ranar aurensa, shi ya raɗa wa 'yarsa suna. Kum ɗinsa ne ke nan, kamar yadda muke ce wa irin wannan amini; wajen kiran juna kuma su ce kume. A wurinmu mutum yakan zagi ɗan'uwansa su shirya, amma kum ba a ɗaga masa murya.

Rok bai taɓa zama abin da Toza yake so a ransa ba. Tun yana saurayi wani direban babbar mota ya kawo masa faya-fayan baƙaƙen Amurka daga Jamus, kiɗan fank da na sol. Daga nan ya koyi dukan tsirkiya da babban yatsa har ta yi tsalle. Duk sanda ya gwada haka wurin atisaye, sai Gvozden ya ɗaga hannu.

"Kume, mayar da yatsan nan aljihu. Mu ba makaɗan biki ba ne."

Toza yakan yi dariya ya mayar. Haka suka tsufa. Ni kaɗai nake jin yatsan, ta bango, ranar Lahadi bayan cin abincin rana.

Da furfura ta cika kan Gvozden, muryarsa ta daina kai wa inda take kaiwa, sai aka ji a rediyo cewa zai yi sabon faifai: fank, da sol, da waƙoƙin soyayya masu sanyi. Washegari na ga Toza ya dawo daga kanti da sababbin tsirkiyoyi a takarda. Ya daina karɓar aikin nesa, wai kada Gvozden ya bugo waya ba ya gida. Lubinka ta ce masa ya kira da kansa, ya ce ba a roƙon kum.

Faifan ya fito da kaka. Wani saurayi daga Belgrade ne ya kaɗa bas ɗin.

Ranar bikin da gidansu Toza ke yi wa waliyyinsu kowace shekara, Gvozden ya zo kamar yadda ya saba, ya sumbaci kowa, ya ci burodin bikin, sannan ya ajiye faifan kusa da kyandir. Irin baƙin faifan da ne, mai fuska biyu. Ina zaune a gefe da kofina.

"Sai ka ji yaron nan, kume. Da babban yatsa yake yi. Abin da muka rasa a zamaninmu ke nan."

Toza ya ce haka ne. Lubinka ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Gvozden ya ce, "Ka saurara har ƙarshe, ka faɗa mini gaskiya. Kai kaɗai ne ba ka taɓa yi mini ƙarya ba."

Toza ya saurari fuskar farko. Na ji ta sau da yawa a wannan hunturu, har na haddace inda ƙahonin ke shigowa. Idan allura ta kai ƙarshe sai gidan ya yi tsit. Gvozden yakan bugo waya ya tambaya, Toza ya ce bai gama ba tukuna. Sau ɗaya na tambaye shi a bakin ƙofa yadda ya ga abin.

"Yaron ya iya," ya ce. Ya dubi hannunsa. "Ya iya sosai."

Zuciyarsa ta tsaya kafin dusar ƙanƙara ta narke. Gvozden ya yi kuka a maƙabarta, kuka na gaskiya, ban ce a'a ba. Bayan an watse ya riƙe hannun Lubinka, ya tambaye ta ko marigayin ya faɗi wani abu a kan faifan. Ta ce masa ya je ɗakin Toza ya duba da kansa.

Faifan yana kan garmaho, ƙura ta kwanta a fuskar farko. Ba a juya shi ba.