Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Shekara ashirin da biyu ina da 'ya ban taɓa kiran sunanta ba. Ita ce ta fari, kuma sunan uwar mijina aka sa mata, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. "Ke" nake ce mata. In ina ba da labarinta sai in ce "waccan". Haka uwata ta yi da yayana har ta koma ga Mahaliccinta, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta son sa.

Sai dai waccan a Dubai ta tashi, a ɗan gidanmu na haya a Abu Hail, cikin yaran da iyayensu ke rungume su a ƙofar makaranta suna ce musu habibti, habibti, wato masoyiyata. Da ta shiga jami'a ta zama mai tsaron raga a ƙungiyar ƙwallon 'yan mata. Ban hana ba, babanta ma bai hana ba, tunda da dogon wando da ɗan hijabinta take yi. Ni nake wanke mata safar hannu, ni nake gasa mata ƙafa in ta yi targaɗe. Zuwa kallo ne kawai ban taɓa yi ba. In zauna cikin mutane ina tafa wa 'yar fari? Ina zan sa idona?

A shekararta ta ƙarshe suka kai gasar da jami'o'i ke yi bayan an gama kakar wasa, sili ɗaya ƙwale, wanda aka ci ya tafi gida. Ranar wasan kusa da na ƙarshe, da safe ina ɗaure kwalin abayar da zan tura wa masu sari ta kago, jirgin kaya, ta zo ta tsaya a kaina.

"Umma, na kama miki kujera. Ƙarfe huɗu ne."

"Ina da kago yau," na ce.

"Kullum kina da kago. In aka ci mu yau na gama ƙwallo ke nan har abada. Sau ɗaya nake so ki gan ni. In ba ki zo ba, khalas, shi ke nan, ba zan sake roƙonki komai ba."

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Halin ubanta gare ta, in ya ce ya bari to ya bari.

Na yi niyyar fita da wuri, Allah shaida. Amma wata 'yar kasuwa daga Kano ta zaune mini a shago tana zaɓen turare kamar mai zaɓen miji, sai uku da rabi na samu na rufe. Tasin da na shiga ta fita daga Deira, unguwar shagona, ta faɗa cunkoso. Jami'ar can bayan gari take. Ina kallon agogon mota yana cin lokacin, huɗu, huɗu da rabi, biyar, ina ta salati, ina ce wa direba yalla, yi sauri, kamar shi ya tare hanyar. Na kira wayarta sau bakwai, alhali na san tana cikin jaka a ɗakin canza kaya.

Biyar da rabi ta wuce na isa ƙofar filin. Wata mai gadi baƙar fata riƙe da takarda ta tare ni, ta ce da Turanci ba a shiga sai an faɗi sunan 'yar wasan da ta gayyaci mutum. Na ce mai tsaron raga. Ta ce huɗu ne a takardar, ƙungiya biyu ce, suna take so. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Yanzu da nake rubuta wannan na san da na karɓi biro na rubuta mata da an wuce wurin, amma a lokacin kaina ya ɗaure. Ina jin ihun 'yan kallo ta bayan katanga, ni kuwa ina tsaye kamar wadda aka dasa. Na ce, "Innalillahi, na shiga uku."

Ta ɗago kai. Ashe 'yar Zango ce daga Ghana.

"Hajiya, Hausa ne? 'Yar fari ne?"

Na gyaɗa kai, hawaye na zubo mini.

"Kakana ma haka. To tsaya, zan karanta, in na zo wurin ki ɗaga hannu."

Ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. A na uku na ɗaga hannu. Ta ce kujerun suna can ɗaya gefen, kafin in zagaya an tashi, ta buɗe mini wata ƙaramar ƙofa. Sai ga ni a jikin shingen waya, bayan raga.

An tashi ɗaya da ɗaya, an shiga bugun fenariti. Ga ta nan ta ba ni baya, tsakaninmu bai fi taku goma sha biyar ba. Kafin kowane bugu sai ta juya kai wajen kujerun iyaye, ta duba, ta dawo da kanta. Na san abin da take dubawa. Na ce, "Ke!" Hayaniya ta haɗiye shi. Na ce, "Ke yarinya!" Na ɗaga gyale ina kaɗawa, na girgiza wayar shingen har ta yanke ni a yatsa. Ta tare guda ɗaya, fili ya ɗauka da sunanta, bakin kowa yana iya faɗinsa ban da nawa.

Aka zo bugun ƙarshe. Na ji wasu a gefena suna cewa in wannan ya shiga an fitar da su. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. In na ce mata daga baya na zo, me ya yi amfani? So nake ta san ina nan tun tana 'yar ƙwallo, ba bayan ta daina ba. Wurin ya yi tsit. Ni ban san ka'idar wasa ba, ban san shirun nan na mene ne ba, na ɗauka dama ce Allah ya ba ni. Na cika ƙirjina da iska na kira sunanta, cikakke, yadda liman ya raɗa mata.

Ta juyo gaba ɗaya. Ashe an riga an busa usur. Ƙwallon ta wuce ta gefenta ta faɗa raga, a gabana.

'Yan ɗaya ƙungiyar suka ruga suna tsalle. Nata kuwa suka zube a ƙasa, wata tana dukan ciyawa da hannu. Ni na jawo, na sani, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ita ba ta kalli ragar ba, ba ta kalli kowa ba. Ta tako har jikin shingen, ta saƙala yatsunta cikin wayar da safar hannun da na wanke jiya. Na jira ta ce na kashe su.

"Umma," ta ce, "sake faɗa."

Idonta a kaina, ga mutane sun fara juyowa suna kallonmu. Na motsa leɓe, na sake motsawa. Ta jira, ta daɗe tana jira.

Na ce, "Ke, je ki ɗauko jakarki mu tafi."