Ƙaton da Ya Damƙe Idon Ruwa

Gidan da na tashi yana bayan Hubbare, cikin wani lungu da jaki biyu ba sa wucewa tare. Lokacin ɗari, in an gama tuwon dare, kakata Inna ba ta barin garwashi ya mutu a banza. Sai ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura itace guda, mu jikoki mu kewaye ta. Ni “maigidana marowaci” take ce mini, wai tunda na aure ta ko ɓarin goro ban taɓa kawo mata ba.

Mijinta na gaske, Malam, shi ne limamin masallacin unguwarmu, mutum mai tsabta da kamun kai. A shekarun nan yakan fito daga turakarsa da buta, ya bi ta bayanmu zuwa makewayi, ya daɗe, ya dawo, kafin a jima ya sake fita. Katanga ɗaya ce tsakanin makewayin da murhu.

Akwai tatsuniyar da Inna ta fi yi mana har muka haddace. Wani gari ne mai idon ruwa guda ɗaya. Ran nan aka wayi gari wani tsohon ƙato ya damƙe bakin idon da hannunsa, ruwa ba ya fita sai ɗigo-ɗigo. Samari suka zo da kulake suka yi ta dukan hannun. Maƙera suka kawo guduma. Duk bugu ɗaya sai ya ƙara damƙewa. Daga ƙarshe wata tsohuwa ta zauna kusa da shi, ta duba fuskarsa, ta ga ashe hawaye yake yi.

“Ba mugunta ta ba,” in ji Inna, tana ɗaga murya fiye da yadda muke bukata. “Hannun na yaƙ ƙage mai. Shi ma so shikai shi saki. Abin ga ba a yi nai da ƙarhi, sai a hankali.”

Sai tsohuwar ta kama yi masa waƙa, har yatsunsa suka saki ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ba da waƙar, “Sassauta baba, ba kowa nan,” mu kuma mu amsa “Sassauta!” da tafi da ihu.

Abin da ke ba ni haushi, waƙar ba ta da wuri guda. Wata rana ko samarin ba su iso da kulake ba sai ta ɗauko ta. Na taɓa cewa, “Inna, ai ba a kai wurin waƙa ba.”

“Kai ad da tatsuniyag ga ko ni? Ku ɗaga murya, ba ni jin ku.”

Daga baya Malam ya bar limanci, aka ce ƙafa ce ke damunsa. Sai ya daina fita masallacin ma. Wata damina aka ɗauke shi zuwa asibiti mararsa a kumbure, bai dawo ba. Da muka roƙi Inna ta yi mana tatsuniyar ƙato, cewa ta yi ta mance ta.

Yanzu ni ne tsohon. Ina zaune unguwar Gidan Dahala ni kaɗai, uwar 'ya'yana ta rasu, yaran kowa yana garin da aiki ya kai shi. Bara fitsari ya fara yi mini gardama. In na tsuguna sai na jira, ya zo siriri, ya tsaya, ina miƙewa kuma ya ɗiga a wando. Na shiga shakkar tsarkina, na janye daga sahu, na koma salla a ɗaki. Maƙwabta suka tambaya, na ji bakina yana cewa ƙafa ce.

Da abin ya ishe ni na tafi wani asibiti a Sama Road. Likitan sa'an ɗana ne, da ƙyar na iya buɗe baki. Ya gwada ni, ya ce akwai wani ƙullutun nama ƙarƙashin mafitsarar namiji da ya zagaye hanyar fitsari, in shekaru suka ja yakan girma ya matse ta.

“Baba, ƙwayag ga ba ta rage girmanai,” ya ce, yana rubuta mini magani. “Sassauta riƙon takai, hanya ta buɗe. Ku sha guda kullum bayan kun ci abinci. Kuma in za ku tashi, ku tashi sannu, tana sa jiri. Ku bar yunƙuri da ƙarhi.”

Na karɓi takardar maganin. A kan kujerar asibitin nan na gane wa Inna take yi wa tatsuniya. Ba ta iya faɗar sunan mijinta, balle ta tambaye shi abin da ke tsakaninsa da buta. Sai ta aika masa magana ta saman katanga, ta kuma sa jikokinsa su yi ihu daidai lokacin da yake nishi, don kada ko ɗayanmu ya ji liman yana kuka.

Maganin ya karɓe ni cikin 'yan kwanaki. Na koma sahu, na gode Allah, ina kuma jin zafin cewa Malam ya rasa masallacinsa a kan abin da ƙwaya guda ke sauƙaƙawa. Amma ba na ce na fi shi sa'a ba. In na shiga bayi bayan isha'i, ko ƙofa ba na turawa. Duk gidan babu wanda zai ji ni, balle wanda zai rufa mini asiri.