Kwana Ukun da Inna Ta Datse Baki

Kwana uku Inna ta yi ba ta sa komai a cikinta ba, ni kuwa ina tsugune a kanta da ludayi kamar wata sakarya.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, a ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Gidajen Kirista a garin ba su wuce huɗu ba, su ma mazan duk sun watse, wai kuɗin fetur ya zubo a birni. Mijina yana Kano yana aikin kwalta. Yayana ya yi Ikko, tun da ya tafi ko wasiƙa. Daga ni sai mahaifiyata a gida. Wata safiya ta fito za ta sheƙe gero, sai jin faɗuwarta na yi. Da aka ɗaga ta, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Muka kai ta Kazaure a bayan motar hatsi. Malamin asibiti ya duba ta, ya ce mu koma gida mu dage da ba ta abinci, in dai tana ci akwai sauran rai.

To, cin ne ya gagara.

Na dama kunun tsamiya, ta kau da kai. Na ce ko tsamin ne, na yi na gyaɗa, ta datse haƙora. Na bi Fulani har ruga na samo nono, na dama fura ruwa-ruwa, ko kallon ƙoƙon ba ta yi ba. Da maƙogwaron ne ya toshe da na haƙura, amma in na ɗiga mata ruwa yana wucewa lafiya lau. Ke nan da gangan take yi. Ina kallo idanunta suna zurmawa, hankalina in ya yi dubu ya tashi.

A nan sai na faɗi halin da nake ciki, ko da ba zai yi mini kyau ba. A lokacin na yi watsi da addu'a. Ƙyanda ta kama 'yata a shekarar farin, tana da shekara biyu. Na durƙusa har gwiwoyina suka yi kanta, na roƙa, na yi kuka, aka je aka binne ta a bayan gari. Ranar na ce ni da addu'a mun raba gari. Inna kuwa addu'a abokiyar hirarta ce. Za ta ɗauki taɓarya sai ta yi, za ta jefa guga sai ta yi, a bayyane, da muryar nan tata mai kaushi. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Ni ce dai in ta fara nake tashi in bar wurin, har na saba, na daina jin ta kwata-kwata.

Safiyar kwana na huɗu haƙurina ya ƙare. Na tallabo kanta, na danna ludayin a haƙoranta da ƙarfin tsiya. Kunun ya kwarara a wuyanta ya jiƙa zane.

Na ce, "Inna, mutuwa kike so ki yi? Ki bar ni da wa? Kowa ya tafi, ke ma za ki bi su? Wallahi ba ki kyauta mini ba!"

Hawaye ya gangaro daga idonta na hagu. Na yi jifa da ludayin, na fashe da kuka irin na wadda aka yi wa rasuwa.

Ihun nan ne ya shigo da maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Musulma da muke kira Gwaggo. Danga ɗaya ce tsakaninta da Inna tun kafin a haife ni. Ta dubi kunun da ya zube, ta dubi Inna, ta zauna a kan turmi.

Ta ce, "'Yar nan, kin yi mata addu'ar taku ta cin abinci kuwa?"

Na ce, "Wace addu'a, Gwaggo? Mutum yana mutuwa da yunwa!"

Ta ce, "Ke dai wauta ba ta ƙare miki ba. Tun muna amare nake jin uwarki ta cikin dangar nan. Ko ƙanzo ne ba ta taɓa kai shi baki ba sai ta riƙe ƙwaryar ta yi wa Allah godiya da ƙarfi, har kajina sun san muryar. Yanzu an karɓe mata bakin. Jira take wani ya faɗa mata."

Na juya na kalli Inna. Idonta yana kan Gwaggo, tana ta ƙoƙarin gyaɗa kai. Kwana uku ina canza kunu, ashe ba kunun ba ne.

Na ce, "Ai mai bishara sai ƙarshen wata yake zuwa da kekensa."

"Ƙarshen wata sai dai ya zo gaisuwar mutuwa. Ke ba ki da baki ne?"

"Gwaggo, ba zan iya ba. Kin san abin da ya same ni."

Ta ce, "Na sani, ni na yi wa yarinyar wanka. Da na iya irin taku da tuni na yi mata. To ki riƙe fushinki, uwarki ta riƙe yunwarta, mu ga wanda zai riga gajiya."

Na ji haushinta ƙwarai, domin ta ƙure ni. Na ɗauraye ludayin, na zubo sauran kunun, na durƙusa na ɗora ƙoƙon a hannun Inna mai lafiya, na tallafe da nawa.

Na ce, "Ya Ubangiji, ga ni. Ka san ba da son raina na zo ba. Ka karɓe mini 'ya, har yau ban ga dalili ba, kuma ban huce ba. Amma ga Inna, ga kunu. Ta ce a gode maka, to an gode. Kada ka karɓe ta ita ma, ba ni da kowa. Cikin sunan Yesu."

Wata 'yar ƙara ta fito daga maƙogwaron Inna, na san amin ce. Sai ta buɗe baki. Ludayi uku ta sha, ina jin wucewar kowanne.

Ni a zatona an gama ke nan. Da rana na kawo mata fura, na miƙa kai tsaye, ta zuba mini ido ta datse baki. Na ce, "Haba Inna, ta safe ba ta isa ba?" Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na ajiye ludayin na sake durƙusawa. Da yamma ma haka, gobe ma haka, ranar da nake zazzaɓi ma haka, don ranar da na fasa, ranar za ta kwana da yunwa.

Damina biyu ta ƙara a duniya. Watannin farko duk rashin kunya nake yi wa Allah sau uku a rana, Inna tana cewa amin da rabin bakinta.