Matar da Ta Ƙi Mutuwa a Kan Lokaci

Na yi shekara talatin a labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, amma ban manta da ranar da sakamakon Inna Habsu ya dawo daga Yamai ba. Lokacin farin tamanin da huɗu ne. Asibitinmu na Damagaram ya cika da mutanen ƙauye, har ƙarƙashin itatuwa. Duk wanda ke da gado ana ba shi kunu da tuwon dawar agaji, saboda haka gado ya fi allura daraja.

Inna Habsu mai ginin tukwane ce daga Mirriya. An yi mata aiki, an cire ƙari a huhunta. A ƙa'ida, mukan sa tsokar a kwalba mu aika Yamai, bayan wata biyu takarda ta zo da ɗan gilashi mai ɗauke da yankin naman. Takardar ta ce kansa ce, wato ciwon daji. Layin ƙarshe kuma ya ce ƙarin cike yake da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙar cuta a jiki. Na sa gilashin a madubin labo mai ƙara girman abu. Ga su nan birjik, sun kutsa cikin ƙarin ta ko'ina. A makon nan na duba na wani babban ma'aikacin duwan, wato kwastan, mai ciwo iri ɗaya, nasa fayau, da ƙyar na ga ƙwaya biyar.

Babban dokotoronmu mutum ne mai ilimi ƙwarai, har ba ya buƙatar karanta takarda zuwa ƙarshe. Ya ga kalmar kansa, ya ba matar wata uku, ya umarci Majo Sani, shugaban masu jinya, ya sallame ta a ba mai sauran kwana gadon. Na nuna masa layin ƙarshe da ladabi.

Ya ce, "Malam Lawali, kai ɗan labo ne ko boka?"

Matsalar ita ce 'ya'yanta duk sun tafi Kano neman abinci, gidan ba kowa. Da an mayar da ita, yunwa za ta cika alƙawarin dokotoro tun kafin kansa ta shirya. Na je wurin Majo na ce ina buƙatar jininta kowane mako don bibiya. Ya san ƙarya nake yi, amma ya bar sunanta cikin masu cin abinci, ya shimfiɗa mata tabarma a baranda. Haka na riƙa huda mata yatsa duk Talata ba gaira ba dalili.

Wata rana ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai ma yunwar ce ta sa ka koma shan jinin tsofaffi?"

Ma'aikacin duwan, mai ɗaki shi kaɗai da naman kaza kullum, ya rasu kafin damina, Allah ya jiƙansa. Inna Habsu kuwa wata uku suka cika, ba ta ko nemi afuwa ba. Kowace safiya takan gaida dokotoro, ya amsa yana kallon bango. Da farko ya ce Yamai sun yi kuskure. Da ta kai shekara, sai ya kai labarinta taron likitoci a matsayin nasarar tsarinsa na jinya. Ta koma Mirriya, ta ƙara shekara shida tana gina tukwane.

Ba zan ce muku na san abin da nake yi ba. Tsammani kawai na yi, kuma na ga wasu masu irin gilashinta da ba su daɗe ba. Yau na ji likitoci suna ƙidaya ƙwayoyin nan kafin su buɗe baki, don sau da yawa mai su da yawa ya fi jurewa.

Ku matasa, ku san aikin da kuka shigo. In majiyyaci ya mutu, ajali ne. In ya rayu, ƙwarewar babban dokotoro ce. Mu da ƙwayoyin nan namu yaƙin ne kawai, kuma ba wanda zai gan mu sai ya sunkuya.